Lambun Bayan Makaranta Ba Kango Ba Ne: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu Da Hakiminmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ciyaman, ranka ya daɗe. Allah ya taimaki Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jama'a, ya kuma wannan zafi da ya sako mu a gaba?

Ni ne magatakardan ƙungiyar masu lambu ta unguwarmu a nan cikin birnin Kano, tsohon malamin firamare da ya ajiye alli. 'Yan ƙungiya ne suka ɗora mini wannan rubutu, wai tunda na shekara da shekaru ina cike rajista da rahoton ƙarshen zango, alƙalami ba zai ba ni tsoro ba. Da gangan na ƙi ambaton sunan unguwar, domin na san ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Wanda ya karanta a Dala ko Gwale, a Kumbotso ko Ungogo, zai iya cewa da shi ake.

Abin da ya tayar mana da hankali ya faru ne wata ranar Talata da hantsi, mako uku ke nan. Mutum uku suka sauko daga mota a bayan katangar makarantar firamare, ɗaya da tef ɗin awo, ɗaya da littafi, na ukun da gwangwanin jan fenti. Suka tarar da dattijon da ke yi mana gadi yana gyara ƙofar langa-langa, suka tambaye shi filin wane ne. Ya ce musu lambun unguwa ne. Mai littafin ya waiga dama, ya waiga hagu, ya yi dariya ya ce, "Baba, to ina lambun?" Suka ja tef daga katanga zuwa bakin kwata, suka ɗiga jan fenti wuri huɗu, suka ce daga ofis aka turo su. Ba su faɗi wane ofis ba, suka kaɗa kan mota suka tafi. Har yau ba wanda ya kawo mana takarda, ba wanda ya ce mana ci kanku. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma duk ɗan Kano ya san abin da jan fenti kan haifa: wata biyu sai tifa ta sauke yashi, wata shida sai jerin shaguna.

Ranka ya daɗe, ni ban ga laifin mai littafin nan ba, kuma dalilin wasiƙar ke nan. Abin da idonsa ya gane masa shi ne busassun karan tumatir, da fangaloli da aka lulluɓe da ciyawa, da wasu ramuka biyu masu tashin wari, da tarin ledojin fiya wata a ƙarƙashin rumfar zana. Da ni baƙo ne, ni ma kango zan kira wurin. Ya zo ne a bazara, lokacin da lambu ya fi muni a ido, kuma lokacin da ya fi cin gumi.

Mu a nan lambu yana cika ido ne da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin ne latas ke baza kunnuwa, kabeji ya ƙulla kai, karas ya yi ja, tumatir ya rinjayi sandar da aka ɗaure shi. Da Maris ya raba tsakiya sai labari ya canja. A Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40, dare ma ba ya hucewa, kuma tumatir ba ya jure wannan: zai yi fure, furen ya zube bai ɗaura ɗa ba. Latas ya miƙe tsaye ya yi ɗaci, kabeji ya ƙi naɗuwa. Wannan ba ragwancinmu ba ne, haka abin yake har a manyan gonakin Kadawa, shi ya sa kowace shekara kwandon tumatir ke tashi a Kwanar Gafan da 'Yankaba daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina. Uwargida ma ta sani ba sai an faɗa mata ba, tunda ita ke karɓar cefanen.

Wani tsohon ɗalibina da ke zaune a Ingila ya turo mini hoto kwanan nan, yana tsugune a wani ɗan fili yana shuka wake da dankali, ya rubuta cewa bazara ta kama sun fara lambu. Na yi murmushi. Rashin wata kalma ce ta sa 'yan rediyo ke kiran lokacinsu bazara. Su daga sanyin ƙanƙara suke fitowa, mu kuwa tanderu muke shiga. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Da na tambaye shi filin na wane ne, sai ya ce na hukumar garinsu ne, an yanka shi ƙanana-ƙanana ana ba mazauna haya a shekara. Tun 1908 suke da doka da ta ɗora wa hukumomin gari alhakin samar da irin waɗannan filaye idan akwai masu buƙata, har ma idan mazauna shida suka rubuta suna nema, dole hukuma ta duba buƙatarsu. Mutum shida kacal! Mu da muka haura talatin ko takardar shaidar cewa muna nan ba mu da ita.

Bari in gaya muku abin da ke ƙarƙashin ciyawar nan da mai littafi ya raina.

Ramukan nan biyu taki ne. Tun da aka tumɓuke tumatir muke zuba ganye da ɓawon kayan miya da mata ke aiko yara da shi, da kashin awaki da na kaji, da tokar murhu, shimfiɗa kan shimfiɗa. Duk mako biyu samari su shiga da shebur su juya, a yayyafa ruwa. Idan ka cusa hannu ciki za ka ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, alamar yana nuna ke nan. Kafin ruwan fari ya sauka zai zama baƙi wuluk, mai ƙamshin ƙasa, kuma shi zai ɗauke mana kuɗin takin zamani da buhunsa ya fi ƙarfinmu. Ciyawa da ɓuntun shinkafar da muka shimfiɗa kan fangaloli kuwa don kada rana ta ƙone ƙasar ne, ta kuma rage shan ruwa. Idan ka ɗaga ta da safe za ka tarar da damshi, wani lokaci har da tana.

Ledojin fiya wata ba shara ba ce. Yaran makaranta ne ke tsinto su a kan titi, mu yanke baki, mu huda gindi, mu cika da ƙasa da taki, mu sa ƙwayar zogale ko gwanda ko darbejiya. Yanzu haka suna jere a inuwa, kowace da ɗan tsiro kamar tsawon yatsa. Da zarar damina ta kankama za a raba su gida-gida, a kai wasu maƙabarta, wasu harabar masallaci. Bara ma haka aka yi, kuma zogalen da ke leƙowa ta saman katangun unguwar nan da yawansu daga rumfar zanar can suka fito.

Akwai kuma fangaloli bakwai da ba su mutu ba, suna can gefen da inuwar katanga ke faɗawa da la'asar. Kuɓewa ce da alayyafo da yakuwa da lalo, masu taurin kai irin na talaka, zafi bai cika razana su ba matuƙar sun sha ruwa. Da asuba ake ba su, da an sallame salla, kafin rana ta buɗe ido. Da za ku zo a wannan lokaci za ku ga abin da ba a gani da hantsi: samari biyu a bakin rijiya suna jan guga, yara suna kai garwa, wani tela na unguwarmu ya naɗe ƙafar wando yana bin fangali da butar ban ruwa, yana zuba wa kowane gindi a hankali don kada ƙasar ta zaizaye.

Akwai wata dattijuwa, gwauruwa ce, duk unguwa Inna muke ce mata. Ita ce ma'ajiyar iri. Idan kuɓewa ta fara 'ya'ya sai ta zagaya da sandarta ta zaɓi gindin da ya fi lafiya, ta ɗaura masa jan ƙyalle. Wannan ƙyalle doka ce, ko ɗan mai unguwa bai isa ya tsinki ɗa ɗaya a jikinsa ba. A nan 'ya'yan za su ƙosa su bushe har su fara tsagewa, sannan ta ɓare su a faifai, ta sheƙe, ta gauraya da tokar da ta tankaɗe, ta ɗura a kwalba ta toshe. Ƙarƙashin gadonta kwalabe ne jere, kowace da zaren da ta gane ta da shi, tunda ba ta yi boko ba: baƙin zare yakuwa, fari alayyafo, shuɗi kabewa. Ranar da ta ji labarin jan fenti ba ta ce komai ba sai da aka watse, sannan ta jawo ni gefe ta ce, "Malam, su ma ja suke sa wa abin da suka zaɓa?" Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Allah ya taimaki Hakimi, kai shaida ne kan yadda wurin nan yake kafin mu taɓa shi. Juji ne. Tudun bola ya kusa kai rabin katangar makaranta, da damina ruwansa ya gangara cikin aji, da rani wani ya cinna masa wuta hayaƙin roba ya hana yara karatu. Da magariba kuwa mata ba sa bin hanyar saboda masu shaye-shaye. Shekara shida da suka wuce muka yi gayya, muka yi karo-karo muka ɗauko tifa ta kwashe sawu bayan sawu, muka tankaɗe ƙasar da rariyar waya muna fitar da kwalba da allura da leda. Mai unguwa ya sa albarka da baki, shugaban makaranta na lokacin ya ce ya yarda da baki. To yau an yi wa shugaban makarantar canjin wurin aiki, kuma magana zarar bunu ce. Shekarun da wurin ya yi yana juji ba wanda ya zo da tef. Sai da ya zama shimfiɗaɗɗe, tsaf, sannan aka gane fili ne.

Na san iyakar ikonku, ba zan roƙe ku abin da ba naku ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma filayen cikin birni shi ke da iko da su kai tsaye, ƙaramar hukuma filayen karkara take rabawa. Amma Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci wuraren shaƙatawa da lambuna da buɗaɗɗun filaye a layi ɗaya da tituna da magudanan ruwa, ya ambaci kwashe shara, ya kuma ce ku sa hannu wajen bunƙasa noma. Ke nan mu da muka kwashe juji muka mai da shi lambu, aikinku muka rage muku. Tun kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi jama'a suka ƙara zuba muku ido, ko kuɗin sun iso hannu yadda aka ce ko ba su iso ba.

Babban abin da muke nema takarda ce. Ba takardar mallaka ba, ba ma son filin ya zama na kowa a cikinmu, don mun san ranar da ya zama na wani ranar za a fara rabon gado a kansa. Takarda muke so mai hatimin ƙaramar hukuma da sa hannun Hakimi, wadda za ta ce wannan wuri lambun jama'a ne, ga iyakarsa, ga masu kula da shi, an ba su izini na shekara kaza, ana sabuntawa. A rubuta a ciki cewa idan makaranta ta buƙaci ƙarin azuzuwa za mu tashi ba gardama, amma a ba mu wa'adi har mu cire amfanin da ke ƙasa. Aji muna iya matsa masa, don yaranmu ne a ciki. Shago ne ba mu yarda ba. Sannan a aika kwafin takardar ga masu kula da filaye na jiha, don duk wanda ya buɗe taswira ya ga an rubuta lambu, ba fili ba kowa ba. Abin da ba a rubuta ba, a idon ofis babu shi, wannan na koya tun ina cike rajista.

Kada kuma a ɗauka wani baƙon abu muka ƙirƙiro. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Magabata da suka gina badala sun zagaye har da abincinsu, don sun san idan aka rufe ƙofofi ranar yaƙi, ba ginin soro za a ci ba. Ni kaina na tashi na ga jakuna suna shigowa birni da itace, suna fita da mangala cike da taki zuwa gonakin kewaye, sharar birni tana komawa hatsi. Leda ce ta kashe wannan ciniki, don yau jujin birni cike yake da roba. Na kuma ga kududdufai da yawa da aka cike aka yi gini a kansu, ga shi yanzu duk Agusta ruwa na neman tsohon gidansa a cikin ɗakunan mutane. Filinmu ƙarami ne, amma ruwan da ke sauka a kansa ƙasa yake shiga. Ranar da aka shafe shi da siminti, kwatar da ke gefensa ce za ta karɓa, kuma kun san halin da take ciki.

Gwamnatoci ma sun sha kiran mutane ga wannan aiki. Ina ɗalibi aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, aka ce kowace makaranta da kowane gida su noma ko da bayan ɗaki ne. Mun yi fangali a makaranta, kowane aji da nasa, ana ba da maki a kai. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani gadan-gadan, kuma har yau ana cin moriyarsa. A nan gida marigayi Audu Bako ya bar mana madatsun ruwa, Tiga da aka kammala a 1974 ita ke shayar da Kura da Bunkure da Garun Malam. Waɗannan manyan ayyuka ne. Amma ruwan Tiga ba ya zuwa bayan katangar firamarenmu, kuma matar da ke da naira ɗari biyu a hannu ba kwando take saye ba, kashi take saye a bakin titi bayan ya bi hannu huɗu.

Wannan ya kawo ni kan ruwa, wanda shi ne ciwon da ke hana mu barci a bazara. Rijiyarmu ta hannu ce. Daga tsakiyar Afrilu sai ta ja baya, guga ya riƙa dawowa da rabi, rabin ma laka. Da muna haya injin ban ruwa muna jawowa daga rijiyar wani maƙwabci mai kirki, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin ya ƙi fita, kuɗin fetur ya fi kuɗin alayyafon. Sayen kura daga 'yan ga-ruwa kuwa a bazara, ruwan sha ma da ƙyar ake samu, bare na shuka. Shi ya sa fangali bakwai kawai muka bari da rai.

Ga kwata nan a gefenmu tana gudu dare da rana, kyauta. Ba zan ɓoye muku ba, an taɓa kawo shawarar mu karkato ta, har aka yi zazzafar muhawara. Masu goyon baya suka ce ai dubi masu lambun bakin Jakara da Getsi, da me suke ban ruwa shekara da shekaru? Gaskiya ne, kuma ba na zargin waɗancan bayin Allah, neman halal suke da abin da suka samu. Amma kowa ya san abin da ke gangarowa cikin waɗannan rafuka: ruwan masai da na wanka, da na masana'antu da majemu, wanda ke ɗauke da sinadaran da wanki ba ya fitarwa daga ganye. Latas da kabeji ɗanye ake cinsu. Muka yanke cewa ruwan da ba za mu yi alwala da shi ba, ba za mu zuba wa abin da yaranmu za su ci ba, aka rubuta a littafin ƙungiya. Mutum biyu suka fita saboda wannan doka, ɗaya ya dawo.

Don haka idan akwai rabon rijiyar burtsatse mai sola a kasafin bana ko na baɗi, muna roƙon a haƙa ta a cikin harabar makarantar, yara su sha da rana, mu ja tiyo da asuba. Na san unguwanni cike suke da burtsatsen da suka mutu, famfo ya lalace an rasa mai gyara, tanki ya zama gidan ƙadangaru. Abin da ke kashe su rashin uba ne. Wannan za ta sami uba: muna da kuɗin mako da kowane mai fangali ke biya, muna da ma'aji, muna da littafi da kowa ke iya dubawa, kuma mai gadi na kwana a wurin.

Sai maganar malamin gona, a gajarce. Kowa na tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Jigawa da Katsina, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Ba ta tafi ba, zafi ne ke tayar da ita. Mu da jiƙon 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu muke fesawa, yana rage wasu ƙwari, amma ba ya gama da ita. Abin da ke ba ni tsoro shi ne samarinmu kan je kasuwa a ɗura musu magani a kwalbar lemo, ba suna, ba ma'auni, ba wanda ya gaya musu kwana nawa za a jira kafin a tsinka. Kuna da sashen gona a sakatariya. Ga cibiyar binciken kayan lambu tana da reshe a Bagauda, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya. Ilimin yana nan, ƙafar da za ta kawo shi unguwa ce babu. Mutum ɗaya, sau ɗaya a wata, ya ishe mu. Shayi da kuɗin mai muna iya ɗauka.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa a majalisar bakin titi: shaguna ashirin za su kawo haraji, su ba samari sana'a, lambu kuwa me yake kawowa? Ba zan raina wannan magana ba, ƙaramar hukuma na buƙatar kuɗin shiga, kuma zaman banza ya yi wa samarinmu katutu. Amma a zagaya titin namu a ƙirga shagunan da ke rufe da kwaɗo, an rubuta lambar waya da gawayi ana neman mai haya. Ba shago muka rasa ba. Kuma lambun yana kawo abin da ba ya shiga rasit. Gida talatin da wani abu suna yin miya rabin shekara ba su sayi ganye ba. Fangali ɗaya cikin goma na marayu ne da marasa lafiya, ba a sayar da ko ganye ɗaya daga ciki. Matan da ba sa fita suna karɓar dashe su raina a buhu a tsakar gida, su shanya kauɗa lokacin araha su ajiye wa irin wannan lokaci. Biyu daga cikin samarin da a da ke kwana a kan jujin nan, yau su ke juya taki, ɗaya har ya fara kai zogale wa masu kwaɗo a bakin asibiti. Malamin Islamiyyarmu kan tuna mana hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face an rubuta masa sadaka. Mukan yi dariya mu ce to awakin unguwar nan sun gama cika mana mizani.

Mu ma muna da namu laifin, gara in faɗa da bakina. Shekara shida ba mu yi rajistar ƙungiya ba, kullum sai an gama wannan kaka. Ba mu taɓa zuwa gaisuwa fadar Hakimi a ƙungiyance ba, mun tsaya ga mai unguwa, wannan kuskure ne kuma muna neman afuwa. Mun yi rigima kan layin ban ruwa har sai da liman ya shiga tsakani. An taɓa kama ɗayanmu ya sayar da albasar fangalin marayu, ya biya, aka rufa masa asiri. Shingenmu na kara ne, ta gefen gabas ya faɗi tun iskar bara, shi ma ya taimaka wajen sa wurin ya yi kama da kango. Yanzu mun tara takardun rajista, mun kuma sayo kara. Ba a fafe gora ranar tafiya, mun sani, amma jan fentin ne ya tashe mu.

Ban san ko daga wajenku mutanen nan suka zo ba, ko daga wani wuri, ko ma wani ne kawai ke gwada sa'arsa da sunan ofis. Ku ne ke da bakin tambaya a amsa muku. Muna roƙon a bincika, a gaya mana gaskiya ko da mai ɗaci ce, kuma a dakatar da duk wani awo har sai kun zo kun gani da idonku.

Kada ku jira Disamba lokacin da wurin ke kore shar, kowa na son ɗaukar hoto. Yanzu muke so ku zo. Asabar ɗin ƙarshen wata muna gayya da an gama tsaftar muhalli, amma idan da hali ku riga rana, ku zo bayan sallar asuba lokacin ban ruwa. A shigo ta ƙofar langa-langa da ke bayan makaranta, mabuɗin na hannun mai gadi. A sa takalmin da ba a jin tsoron ya ɓaci. Inna ta ce in gaya muku za ta fito da kwalabenta, kuma akwai zogale biyu a leda da ta ware, ɗaya na sakatariya, ɗaya na ƙofar fada.

Allah ya yi muku jagora, ya sauko mana da damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Magatakardan ƙungiyar masu lambu,
a madadin 'yan ƙungiya maza da mata.